Ciwon Dajin Kaluluwa: Me Ke Sa Wani Ya Tashi, Wani Ya Kwanta Dama?

Duk uwar da likita ya zaunar da ita ya ce mata ɗanta na ɗauke da ciwon daji, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa daga bakinta: "Likita, zai tashi kuwa?" Mun sani rai da ajali duk a hannun Allah suke, babu mai ja da wannan. Sai dai kamar yadda mai sayar da albasa a Karofane ko Galmi kan ɗauki ƙwara ɗaya ta matsa wuyanta, ta gane wadda za ta jure ajiya har farashi ya tashi da wadda dole a rabu da ita yau, haka su ma likitoci suke da alamomin da suke dubawa su yi ƙiyasin yadda jinya za ta kasance. A wannan makon mun ga ya dace mu tattauna da ƴan'uwa ƴan kasuwa, musamman iyaye mata, a kan ciwon dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, da sabon binciken da masana ke yi a kansa, da kuma abin da ya rage a hannunmu mu mazauna yankin Buza da Madawa da Keita.

Kaluluwar da muka saba da wadda ba mu saba ba

Kowa ya san kaluluwa. Yaro ya yi gyambo a ƙafa, sai ka ji wani ɗan ƙullutu ya taso masa a matsematsi. Ya yi ciwon haƙori ko na maƙogwaro, sai ya taso a wuya. Waɗannan ƙullutai tamkar barikin soja ne a cikin jiki, domin kuwa a nan ne wasu fararen ƙwayoyin jini ke taruwa su yaƙi cuta. Irin wannan kaluluwa takan yi zafi idan an taɓa, kuma da zarar gyambon ya warke ita ma sai ta saɓe.

Limfoma kuwa ita ce idan su waɗannan sojoji suka fita daga hayyacinsu, suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Kumburin da ke fitowa a lokacin galibi ba ya ciwo, yana da tauri, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Yakan fito a wuya ko hammata ko matsematsi, wani lokaci kuma a cikin ciki ko a muƙamuƙi. Wasu majiyyatan kan haɗa da zazzaɓin da ba ya jin maganin masassara, da gumin dare mai jiƙa riga da shimfiɗa, da ramar da ba a san dalilinta ba. Rashin ciwon nan shi ne ke yaudarar jama'a, tunda mun saba abin da ba ya hana barci ba ya kai mu asibiti.

Ya kamata mu faɗa tun yanzu cewa mafi yawan kumburin wuya ba daji ba ne. Akwai hangum, akwai maƙoƙo, akwai tarin fuka da kan sauka a kaluluwar wuya, wanda yake da yawa a ƙasashenmu. Ido kawai ba ya iya bambancewa, ko da na likita ne. Sai an ɗebi ɗan nama daga kumburin an duba shi a madubin likita sannan ake sanin gaskiya.

Cutar da aka gano a Afirka

Limfoma iri-iri ce. Wani likitan Ingila mai suna Thomas Hodgkin ne ya fara bayyana wani nau'inta a 1832, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan nau'in. Amma wadda ta fi addabar yaran Afirka an gano ta ne a nan nahiyarmu. A 1957, wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ayaland, Denis Burkitt, ya ga wani yaro a asibitin Mulago da ke Kamfala ta ƙasar Yuganda, muƙamuƙansa sun kumbura, haƙoransa na girgiɗi. Bai daɗe ba ya sake ganin wani mai irin wannan. Ya bi diddigi, ya buga sakamakon bincikensa a 1958. A 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga mota suka yi tafiyar kimanin mil 10,000, suna bin asibitoci sama da 50 a gabashi da kudancin Afirka suna tambaya ko ana ganin irin waɗannan yara. Abin da suka tarar shi ne cutar ta fi yawa a wurare masu ɗumi da ruwan sama mai yawa, wato dai inda sauro ya yi gida.

A 1964 kuma, a birnin Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a cikin naman kumburin da aka aiko musu daga Yuganda, ita ce ake kira EBV. Wannan ƙwaya ana ɗaukarta ta yawu, kuma kusan kowane yaro a Afirka yakan kamu da ita tun yana ƙarami ba tare da ta yi masa komai ba. Matsalar tana zuwa ne ga ƴan ƙalilan, idan masassarar cizon sauro ta yi ta kama yaro a kai a kai har ta gajiyar da garkuwar jikinsa, sai a samu wani kuskure a cikin ƙwayar halitta, inda wani yanki mai suna MYC, wanda ke ba da umarnin hayayyafa, ya bar mazauninsa ya koma inda ba a iya kashe shi. Daga nan sai kumburi. Cutar ta fi kama yara ƴan shekara 4 zuwa 9, maza kuma sun fi mata kamuwa. Ita kanta limfomar ba a ɗaukarta daga majiyyaci, saboda haka babu dalilin ƙyamar yaron ko raba masa kwano.

Yankinmu yana gefen arewa ne na inda cutar ta fi ƙamari, tunda ruwanmu bai kai na kudu ba. Duk da haka kowa ya san yadda masassara ke kwantar da yara daga tsakiyar damina zuwa kaka, ga kuma fadamun kwarin Majiya inda ake noman rani. Saboda haka ba mu tsira ba.

Maƙwabciyarmu Nijeriya ma tana da hannu a wannan tarihi. A 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, aka yi nasarar raya ƙwayoyin wannan daji da aka ɗebo daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, kuma har gobe da zuriyar waɗannan ƙwayoyi ake gwaji a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin ne kuma Farfesa Victor Ngu, ɗan asalin Kamaru, ya nuna cewa allurar magani na narkar da kumburin, abin da ya sa a 1972 aka ba shi babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka tare da shi Burkitt da wasu masana.

Wani abin mamaki game da limfomar Burkitt shi ne, tana cikin dajin da ya fi kowane saurin girma a jikin ɗan Adam, domin ƙwayoyinta na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma kuma tana cikin waɗanda suka fi jin magani. A ƙasashe irin su Faransa, kimanin yara 9 cikin 10 ne ke warkewa sarai. A yawancin ƙasashenmu na kudu da Sahara kuwa, rabi ne ko ƙasa da haka. Cuta ɗaya ce, amma sakamako ya bambanta, kuma wannan bambanci shi ne maƙasudin rubutunmu.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi

A wajen manya, wadda ta fi yawa ita ce limfoma mai manyan ƙwayoyi, kuma masu ɗauke da cutar sida sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da ita. Tun a 1993 likitocin ƙasashe da dama suka haɗu suka fitar da wani ma'auni mai abubuwa biyar: ko shekarun majiyyaci sun haura 60, ko cutar ta bazu sosai a jiki, ko ta kama gaɓoɓi fiye da ɗaya a wajen kaluluwa, ko wani sinadari mai suna LDH ya hau a cikin jini, sannan ko mutum na iya tashi ya yi hidimarsa ko kuwa ya kwanta. A wancan bincike, waɗanda ba su da ko ɗaya ko suke da ɗaya kacal daga cikin biyar ɗin, kashi 73 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Masu huɗu ko biyar kuwa, kashi 26 ne kawai. Daga baya aka samu ƙarin wani magani mai suna rituximab a 1997, wanda da aka haɗa shi da tsofaffin magunguna ya ɗaga adadin masu warkewa zuwa kimanin 6 cikin 10.

Idan mai karatu ya lura, in ban da shekaru, sauran huɗun duk abubuwa ne da ke ƙara muni idan aka jinkirta. Mutumin da ya isa asibiti da ƙafarsa da wanda aka kawo a kan amalanke ba ɗaya suke ba a kan wannan ma'auni.

Duk da haka likitoci sun lura cewa akan samu mutum biyu masu maki ɗaya, a ba su magani ɗaya, wannan ya warke, wancan cutar ta dawo masa. Wannan ne ya sa masana suka koma leƙa cikin ƙwayar dajin ita kanta. A shekara ta 2000 wasu masana a Amurka suka nuna cewa abin da ake ɗauka cuta ɗaya ce ashe aƙalla biyu ce, ɗaya ta fi ɗaya jin magani. Daga nan aka ci gaba da tono, har aka iso ga maganar da ake yayi yanzu.

Alamar da ke jikin saƙo

Bari mu kwatanta da harkar da muka sani. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da babban kundi da ke ƙunshe da dukkan umarnin yadda za ta yi aiki, shi ne ake kira DNA. Wannan kundi ba ya barin ɗakin ajiya. Idan ana son a yi wani aiki, sai a kwafi shafin da ake buƙata a kan ƴar takarda a aika wa ma'aikata, kamar yadda maigida kan rubuta saƙo ya ba yaron shago. Wannan ƴar takarda ita ce RNA.

A 1974 masana suka gano cewa akan ɗiga wata ƴar alama a jikin wannan saƙo, wani ɗan sinadari da ake kira metil, ita kuma alamar aka sa mata suna m6A. Rubutun da ke cikin saƙon ba ya canzawa. Abin ya yi kama da fentin da ake shafa wa buhunan albasa a tasha: albasar ciki tana nan yadda take, amma alamar ce ke gaya wa ƴan dako wanda za a fara lodawa, da wanda zai jira, da motar da kowane zai shiga. Haka m6A ke nuna saƙon da za a gaggauta aiki da shi da wanda za a yage a zubar.

Shekaru da dama ba a ba abin muhimmanci sosai ba, sai a 2011 da ayarin Farfesa Chuan He na Jami'ar Shikago ya nuna cewa akwai wani sinadari mai suna FTO da ke iya goge alamar. A 2012 aka fitar da taswirar da ta nuna alamar na jikin dubban saƙonni. Tun daga lokacin masana ke kasa masu kula da wannan aiki gida uku: masu sa alama, irin su METTL3 da METTL14 da WTAP, masu gogewa, wato FTO da ALKBH5, sai masu karanta alamar su aiwatar.

To ina ruwan mai limfoma da wannan? Kowace ƴar kasuwa ta san abin da zai faru idan mai fenti ya ci hanci, ya riƙa sa wa ruɓaɓɓun buhuna alamar gaggawa. Bincike da dama, yawancinsu daga ƙasar Sin, sun nuna cewa a cikin ƙwayoyin limfoma mai manyan ƙwayoyi akan tarar wasu daga cikin masu sa alamar, kamar METTL3 da WTAP, sun yi yawa fiye da kima, suna fifita saƙonnin da ke ciyar da dajin, kuma majiyyatan da abin ya fi yawa a jikinsu sun fi saurin shiga matsala. Har ila yau, a 2019 masana a Jami'ar Fensilbaniya suka ba da rahoton cewa ita ƙwayar EBV da muka ambata a baya tana ƙara yawan METTL14 domin amfanin kanta. A 2021 kuma masana a Kambirij ta Ingila suka gwada wani magani da ke ɗaure hannun METTL3, ya rage dajin jini a jikin ɓeraye, daga baya aka fara gwada irinsa a jikin mutane.

Burin masanan biyu ne: a iya duba naman majiyyaci tun ranar farko a gane wanda ke buƙatar magani mai ƙarfi da wanda mai sauƙi zai wadatar, sannan a samu sabon magani ga waɗanda na yanzu ya kasa. Amma mu gaya wa juna gaskiya, wannan awo bai shiga cikin gwaje-gwajen yau da kullum ba tukuna, ko a Paris ko a Landan. Duk wanda ya zo muku da wata na'ura ko wani gari a kwalba ya ce yana gyara ƙwayar halitta, kuɗinku yake so.

Abin da ke hannunmu

Mu a Karofane da kewaye, abubuwa huɗu ne suka fi yanke hukunci a kan makomar majiyyaci, kuma duk suna faruwa ne kafin a kai ga maganar m6A.

Na farko, lokaci. Sau da yawa kumburin muƙamuƙi akan ɗauka ciwon haƙori ne, a cire haƙori, a jira. Ko a ce hangum ne, ko a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Kasuwa ta ci, wata ta ci, ana cewa bari a sayar da kaya tukuna. Ga cutar da ke ninkuwa cikin kwana biyu, mako uku ba ƙaramin abu ba ne. Duk kumburin da ya wuce mako biyu zuwa uku yana ƙaruwa, ko fuskar yaro ta karkace haƙora na girgiɗi, ko ido ya fara turowa, ko ciki ya yi tauri yana girma, a nufi cibiyar lafiya mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma a Buza ko Madawa ko Keita. Idan ƙafafun yaro suka saki, ko fitsari ya ƙi fita, wannan ba ya jiran wayewar gari.

Na biyu, magungunan kan tire. Wasu daga cikin ƙwayoyin da ake tallarsu a kasuwa don ciwon jiki ko don ƙiba, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, suna ɗauke da deksametazon ko danginsa. Waɗannan kan sa kumburin limfoma ya saɓe na ɗan lokaci, iyali su yi murna, alhali cutar na nan. Bugu da ƙari, idan aka zo ɗibar nama sai awon ya rikice wa likita. Muna roƙon masu sayar da magani su ji tsoron Allah, kada su ba mai kumburi irin wannan ƙwaya.

Na uku, isa inda ake jinyar. Daga asibitin gunduma akan tura babban asibitin jiha a Tawa, daga can zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 500 daga Madawa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gashin daji a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, akwai kuma sashen yara da ke aiki tare da ƙungiyar likitocin dajin yara ta Faransa da Afirka, wadda aka kafa a shekara ta 2000. Asibitin mishan na Galmi, da ke aiki tun 1950, yana kusa da mu, wasu kuma kan tsallaka zuwa asibitocin koyarwa na Sakkwato ko Zariya. Wani abin lura shi ne, jinya kyauta da gwamnati ta ayyana a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne, alhali yawancin masu limfomar Burkitt sun ɗan haura haka. Ke nan kuɗin mota da abinci da awo da masauki na iya faɗowa a kan iyali.

Na huɗu, kuma wanda ya fi ba likitocin Afirka takaici, shi ne yanke jinya. Bayan allurar farko ko ta biyu kumburin kan narke kamar ba a taɓa yi ba. Uwa ta ga ɗanta na wasa, ta tuna da rumfarta da ke rufe da sauran yaran da ta baro, sai a tattara a koma gida. Ƙwayoyin da suka rage sai su dawo, kuma a karo na biyu ba su cika jin magani ba. Jinyar zagaye-zagaye ce, ta manya galibi zagaye 6 ne, kowane bayan kwana 21. Gashi zai zube, zai kuma sake tsirowa. A kwanakin farko dole majiyyaci ya kasance a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, domin dattin kumburin da ke narkewa na iya toshe ƙoda. Zazzaɓi kuma a tsakanin zagaye abu ne na gaggawa, saboda garkuwar jiki ta yi ƙasa.

A ɓangaren rigakafi, babu allurar da ke hana limfoma, amma rage masassara na rage ɗaya daga cikin abubuwan da ke share wa ta Burkitt hanya. Madawa da Buza na cikin wuraren da aka fara rabon maganin rigakafin masassara na damina ga ƙananan yara a 2013, sannan a 2024 Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafin masassarar a garin Gaya. A karɓi maganin duk wata idan masu rabo sun zo, a kuma kwana cikin gidan sauro maimakon a rufe rumbu ko lambu da shi.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa nan da 2030 aƙalla yara 60 cikin 100 masu ciwon daji su rayu, kuma limfomar Burkitt na cikin cututtuka shida da aka sa a gaba. Wannan buri ba zai cika daga ofis kaɗai ba. Muna kira ga uwayen adashi da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da su duba yiwuwar ba wadda ɗanta ke jinya ɗaukar da ke gaba, ko a ware wani ɗan asusu na kuɗin mota. Maƙwabciyar rumfa kuma ta riƙe mata kaya har ta dawo, domin fargabar rasa jari da masu saye na cikin abin da ke hana uwa komawa zagaye na uku. Direbobin da ke bin hanyar Yamai su ma suna da ladar da za su samu a nan. Ga hukumomi kuwa, roƙonmu shi ne a kawo awon nama kusa da jama'a a matakin jiha, a kuma sassauta kuɗin jinyar dajin yara ba tare da la'akari da shekara 5 ba.

Masana na can suna ƙoƙarin karanta alamar da ido ba ya gani, muna yi musu fatan nasara. Mu kuma kada mu yi sake da wadda ke fitowa fili a wuyan ɗa ko a fuskarsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya kuma sa wa kasuwanninmu albarka, amin.